Yadda ake haɗa kuɗin taron kimiyya a kan tsufa a Zariya

Da wuya a sami hukuma guda, a gida ko a waje, da za ta ɗauki nauyin taron kimiyya tun daga tikitin baƙi har ruwan sha ta miƙo kuɗin a dunƙule. Kuɗin taro kashi-kashi yake zuwa, kowane kashi da sharaɗinsa: wannan na tafiyar ɗalibai ne kaɗai, wancan ba a taɓa shi sai a kan horo, wani kuma sai an watse an kai rasit sannan a biya. Aikin kwamitin shirya taro shi ne ya san wane kashi zai biya wace buƙata, da ranar da zai shigo hannu. Bayanin nan an gina shi a kan taron kwana uku na mutum 120 zuwa 150 a Jami'ar Ahmadu Bello, ko dai a Samaru ko a Shika, kuma ana so a fara shiri wata 15 kafin ranar buɗewa. In abin da ya rage muku bai kai wata tara ba, ku cire rai da tallafin waje, ku shirya ƙaramin taron yini guda da abin da ke gida.

Wanda zai mallaki taron

Matsalar farko ta fannin tsufa ita ce ba shi da sashe nasa. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai masu taɓa shi a sashen kimiyyar sinadaran jiki, da na aikin gaɓoɓi, da tsangayar harhaɗa magunguna, da ta likitancin dabbobi, da likitocin asibitin koyarwa na Shika, har da masana zamantakewa. Kowa yana da sha'awa, amma babu shugaban sashen da zai ce taron nasa ne ya sa shi a kasafinsa. Don haka tun zaman farko a tsayar da sashe ɗaya ko cibiya ɗaya da za ta zama mai masauki a rubuce, a sami wasiƙar amincewa daga shugaban tsangaya da ofishin shugaban jami'a. Masu ba da tallafi na waje hukuma suke biya, ba mutum ba, kuma wannan wasiƙa ce abu na farko da za su nema.

Kwamitin kada ya wuce mutum bakwai ko tara. Lallai a cikinsu a sami wanda ya taɓa riƙe tallafin waje har ya rufe lissafinsa lafiya, da ma'aikaci guda daga ofishin ma'ajin jami'a wanda zai zauna a matsayin cikakken mamba tun ranar farko, da ɗalibin digiri na uku. A raba kwamitin kimiyya da na kuɗi: masu zaɓen maƙala kada su san kamfanin da ya ba da nawa.

Tambayar da taron zai amsa

Take irin su "Tsufa da ƙalubalen ƙarni na 21" ba ya jawo ko sisi daga masu tallafa wa kimiyya, domin bai gaya musu abin da za a tattauna a zauren ba. Su tambaya suke biya. Fannin nan kuwa yana da ginshiƙan da duk mai duba takardarku ya sani, kuma yana so ya ga kun san inda kuka tsaya a cikinsu. Tun 1935 Clive McCay ya nuna cewa rage wa ɓeraye abinci ba tare da an hana su sinadaran gina jiki ba yana ƙara musu tsawon kwana. A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka gano cewa ƙwayoyin jikin mutum da aka raina a ɗakin gwaji suna daina rabuwa bayan sun rabu sau 40 zuwa 60. A 1993 Cynthia Kenyon ta nuna cewa sauyi a ƙwayar gado guda, daf-2, yana ninka rayuwar wata 'yar ƙaramar tsutsa. Aikin telomiya, wato murafun da ke bakin zaren gado, ya ci kyautar Nobel a 2009, shekarar da aka wallafa cewa maganin rapamycin ya ƙara wa ɓeraye kwana ko da an fara ba su bayan sun manyanta. A 2013 aka jera alamomin tsufa tara a mujallar Cell, aka mai da su goma sha biyu a 2023. A 2013 ɗin ne kuma Steve Horvath ya fitar da ma'aunin da ke ƙiyasta shekarun jiki daga wurare 353 a kan DNA.

Abin da zai sa a ba Zariya kuɗi shi ne giɓin da ke cikin wannan aiki. Mafi yawan ma'aunan nan a kan jinin mutanen Turai da Amurka aka gina su. Ko suna faɗin gaskiya a kan manomin Giwa ko Soba da ya yi shekara sittin yana fama da maleriya duk damina, da aikin ƙarfi, da hayaƙin itace? Me cutar sikila take yi wa saurin tsufan ƙoda da jijiyoyin jini, yanzu da masu ita suke daɗa kai wa shekarun manyanta? Me azumi yake yi wa hanyoyin da binciken rage abinci ya gano? Kowace daga cikin waɗannan ta isa ta riƙe taron kwana uku, kuma dole ta haɗa mai ɗakin gwaji da likita da masanin ƙididdiga, ba don an gayyace su a cika kujera ba.

Akwai kuma ɓangaren dabbobi, wanda masu shirya irin wannan taro suke yawan mantawa. Biyu daga cikin dabbobin da aka fi ji da su a binciken tsufa na Afirka ne: wani ɗan kifi na kududdufan Zimbabuwe da Mozambik da ke tsufa ya mutu cikin 'yan watanni, da wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa marar gashi na Habasha da Kenya da Somaliya wanda ke wuce shekara 30. Likitocin dabbobi na Samaru sun daɗe suna nazarin jikin gafiya. Zama guda a kan kwatanta tsufan dabbobi yana buɗe ƙofar masu tallafin da ba ruwansu da asibiti.

Wajen sa wa taron suna da Hausa don sanarwar rediyo da wasiƙun gida, a tsaya a kan tsufa cikin ƙoshin lafiya. In kuka yi maganar tsawaita rai, dattawan da kuke neman goyon bayansu za su ce muku ajali na Allah ne, masu sayar da maganin mai da tsohuwa yarinya kuma su yi muku caa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma da wannan harshe ta ware 2021 zuwa 2030 don lafiyar tsofaffi.

Kasafi

A raba kasafin gida biyu, sannan a sake raba shi ta wata fuska. Rabon farko: abin da za a kashe ko mutum goma ne suka zo (tikiti da masaukin baƙi masu jawabi, zaure, janareta, na'urar magana da majigi, intanet, shafin rajista, motocin ɗauko baƙi), da abin da ke ƙaruwa da kowane kai (abinci, shayi, ruwa, littafin tsakure wato taƙaitattun maƙaloli, katin wuya). Rabo na biyu: abin da ake biya da naira da abin da farashinsa ke bin dala.

Ga misali da alƙaluman da aka ɗauka don lissafi kawai, ku sa naku bayan kun taya a kasuwa. A ce tsayayyun kuɗaɗen naira miliyan 9 ne, kowane kai yana cin 45,000 a kwana uku, matsakaicin kuɗin rajista kuma 60,000. Mutum 150 za su zo, amma 30 ba za su biya ba: masu jawabi, 'yan kwamiti, ɗaliban da ke hidima. Abin da zai shigo shi ne 120 sau 60,000, miliyan 7.2. Abin da kawuna za su ci shi ne 150 sau 45,000, miliyan 6.75. Saura 450,000. Ke nan rajista ciyar da mahalarta kawai take yi, miliyan 9 ɗin nan kusan gaba ɗaya daga wani wuri za ta fito. Lissafin ya nuna wani abu kuma: duk kujerar da aka bayar kyauta tana cinye rarar masu biya uku. Wannan ne ya sa ake ƙayyade yawan katin gayyata tun da wuri, a rubuta, a hana kowa ƙarawa, har da shugaban kwamiti.

Abin da aka fi raina wa kuɗi shi ne wuta. Janareta mai ƙarfin kVA 100 da ke ɗauke da na'urorin sanyaya zaure yana shan lita 15 zuwa 20 na man dizal a awa. Awa goma a yini, kwana uku, lita 450 zuwa 600 ke nan. A sa shi cikakke a kasafi kamar ba za a kawo wuta ba ko na minti ɗaya, a kuma ajiye ƙaramin inbata ga majigi da kwamfuta don kada jawabi ya yanke lokacin da ake sauya layi. Masu kawo abinci da masu buga takardu kuma a tambaye su ko farashinsu ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, a kuma gaya musu tun farko cewa in jami'a ce za ta biya, za a cire harajin da ake riƙewa daga tushe. Rigimar ranar ƙarshe da mai abinci galibi daga nan take tasowa.

Ga layukan dala, darasin 2023 ya isa. Kafin watan Yuni na shekarar dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya rubuta tikitin baƙo da naira a lokacin, ko rabin tikitin bai samu ba. A rubuta waɗannan layuka da dala, a nemi tallafinsu da dala ko fam, a ɗora kashi 20 cikin 100 na ko-ta-kwana a kansu, kashi 10 zuwa 15 a kan na naira.

Jaka da riga da hula da kalanda a bar su sai in wani ya ɗauki nauyinsu da sunansa. Haka kuɗin zaman kwamiti: babu mai tallafin waje da zai amince da shi.

Inda kuɗin yake a waje

Ƙungiyoyin masana su ne ƙofa mafi sauƙi, duk da cewa abin da kowace ke bayarwa ba shi da yawa. The Company of Biologists, wata gidauniyar Birtaniya mai buga mujallu irin su Journal of Experimental Biology da Disease Models & Mechanisms, tana da tallafin taruka, muddin batun ya faɗa cikin fagen mujallunta; zaman kwatanta tsufan dabbobi nan ya dosa. IBRO, ƙungiyar masu binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, tana da kwamitin Afirka kuma tana tallafa wa taruka da makarantun horo, haka ita ma ISN ta masu nazarin sinadaran ƙwaƙwalwa. In kuna da yini guda a kan tsufan ƙwaƙwalwa da cutar mantuwa, su za a nufa da wannan yinin kaɗai. IUBMB, ƙungiyar duniya ta masana kimiyyar sinadaran jiki, tana tallafa wa taruka da horo a wannan fanni, kuma takardarku za ta fi nauyi in ta biyo da goyon bayan takwararta ta Nijeriya, NSBMB. ICGEB, cibiyar duniya ta binciken ƙwayoyin gado da fasahar halittu mai hedikwata a Italiya, wadda Nijeriya mamba ce a cikinta, tana karɓar buƙatun taruka da kwasa-kwasan da za a yi a shekara mai zuwa, don haka wanda ya makara ya rasa shekara guda cur.

Dabarar ita ce kada a aika wa kowa takarda iri ɗaya. A yanka shirin taron yadda kowane yanki zai iya tsayawa da kansa, da masu jawabinsa da kasafinsa, a kai wa kowace ƙungiya yankin da ya dace da ita, a kuma faɗa mata gaskiyar wanda aka nema don sauran. Bitar yini biyu kafin taro ga ɗalibai 25 zuwa 30, a kan rainon ƙudan 'ya'yan itace don gwajin tsawon rayuwa ko a kan nazarin bayanan gado da kwamfuta, ta fi taron kansa saurin samun mai biya. Malaman da aka ɗauko don bitar su ne kuma za su tsaya su yi jawabi a taro, tikiti ɗaya ya yi aiki biyu.

Cibiyar binciken tsufa ta Amurka, NIA, wadda aka kafa a 1974, tana tallafa wa taruka ta tsarin da ake kira R13. Jami'ar da ba ta Amurka ba ba ta da damar nema da kanta. Sai abokin aiki a wata jami'ar can ya nema da sunan jami'arsa, kuma sai ya sami wasiƙar izini daga cibiyar, wadda ake nema aƙalla mako shida kafin ranar rufewa. In ba ku da irin wannan aboki wanda kuka riga kuka yi aiki tare, kada ku ɓata wata biyu a kai.

Akwai hanyar kawo baƙo ba tare da tikitinsa ya shiga kasafinku ba. Shirin Carnegie na malaman Afirka mazauna Amurka da Kanada yana kawo malami jami'ar Nijeriya na kwana 14 zuwa 90. Shirin ƙwararru na Fulbright yana kawo Ba'amurke na mako biyu zuwa shida, su biya jirgi, mai masauki ya ɗauki kwana da abinci da zirga-zirgar gida. Dukansu don aikin koyarwa da bincike ake nema, ba don taro ba, sai a daidaita ziyarar ta faɗo a makon taron. A duba ko suna karɓar buƙata a shekarar kafin a dogara da su. Hanya mafi arha kuma ita ce a tambayi baƙon kai tsaye ko tallafin bincikensa zai iya biyan tafiyarsa. Da yawa suna iyawa, ba a tambayarsu ne.

Inda yake a gida

Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta wa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, a ce ta ɗauki nauyin taro. Abin da asusun ya saba bayarwa a wannan fage kuɗin halartar taro ne ga ma'aikatan manyan makarantun gwamnati, ta hannun makarantunsu. Amfaninsa gare ku ta wajen mahalarta yake zuwa: malami daga Bayero ko Jami'ar Jihar Kaduna ko Sakkwato ya nema a makarantarsa, ya biya muku rajista. Wannan ba ya yiwuwa sai kun ba shi wasiƙar karɓar maƙalarsa da wuri, mai ɗauke da ranar taro da kuɗin rajista, kuma akwai shafin intanet da za a iya dubawa a tabbatar. Don haka a rufe karɓar tsakure wata shida kafin taro, a fitar da wasiƙu cikin mako uku. Kwamitin da ya yi ta ɗage ranar rufewa yana korar masu biyansa da hannunsa.

Daga jami'a, kayan aiki ake nema kafin kuɗi: zaure, bas, ɗakunan baƙi, jami'an tsaro, ɗakin gwaji don bita. A ƙiyasta kuɗin kowanne a rubuta a kasafi a matsayin gudummawar mai masauki, domin masu tallafin waje suna so su ga gida ya sa hannu. A sami alƙawarin a rubuce da ranaku, don zauren da aka yi muku alƙawari da baki yana iya zama na wani taron ranar da kuka zo. Cibiyoyin da ke da kuɗin horo nasu, irin cibiyar binciken cututtukan da aka yi watsi da su da Bankin Duniya ya tallafa wa a jami'ar, ana iya tayin su ɗauki zama guda da ya shafi aikinsu.

Likitoci suna buƙatar makin ƙarin ilimi don sabunta lasisinsu a hukumar kula da aikin likita, MDCN, masu harhaɗa magunguna da likitocin dabbobi ma suna da irin wannan tsari a hukumominsu. In aka haɗa kai da wanda hukumar ta amince ya ba da makin, likitan da ba zai gabatar da komai ba yana da dalilin biyan rajista. Wannan rukuni ne ke iya biyan farashi mafi tsada, da shi ake sauƙaƙa wa ɗalibai. A nan ne kuma ya dace a gayyato masu kula da lafiyar tsofaffi daga cibiyar Tony Anenih ta asibitin koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 2012.

Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ke Abuja, wadda dokar 2017 ta kafa, ta fara aiki a 2021, a nemi wasiƙar goyon bayanta da wakilinta. Kada a sa kuɗinta, ko na wata ma'aikatar gwamnati, a layin da taron ba zai yiwu ba sai da shi.

Kamfanoni kuwa ciniki suke yi, a yi musu tayin ciniki: teburin baje kaya, shafi a littafin tsakure, minti goma sha biyar na nuna na'ura a lokacin hutu. Masu sayar da kayan ɗakin gwaji da sinadarai su suka fi dacewa, sai kamfanonin magungunan hawan jini da ciwon suga, da bankuna da masu kula da kuɗin fansho. A sa sharaɗi biyu a rubuce: babu kamfanin da zai zaɓi mai jawabi, kuma ba za a baje wani magani ko ƙarin abinci da ba shi da rajistar NAFDAC ba, ko wanda ake tallarsa da cewa yana hana tsufa. Hoton irin wannan tebur a ƙarƙashin tambarin gidauniyar waje ya isa ya rufe muku ƙofarta. Kuɗin kamfani a karɓe shi kafin a buga tambarinsa. Alƙawarin da attajiri ko ɗan siyasa ya yi a bainar jama'a ranar buɗe taro, a gode masa, amma kada a ci bashi a kansa.

Abin da takardar nema za ta ƙunsa

Shafi uku zuwa biyar sun isa, sai in fom ya ce wani abu daban. Sakin layi na farko ya faɗi tambayar, da dalilin da ya sa Zariya ce wurin yin ta. Alƙaluman duniya layi biyu sun wadatar: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama za su tashi daga biliyan 1 a 2020 zuwa biliyan 2.1 a 2050, kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Mai dubawa ya san wannan. Abin da bai sani ba shi ne wa zai yi magana. A jera masu jawabi, a nuna wanda ya amsa a rubuce da wanda ake jira, kada a sa sunan wanda ba a tuntuɓa ba, don fagen ƙarami ne, mai dubawa yana iya zama abokinsa. Jerin da babu mata a ciki, ko wanda duk furofesoshi ne, yana faɗuwa a wurin yawancin ƙungiyoyin nan. A ware wa matasan masu bincike aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lokacin jawabi, a faɗi yadda za a zaɓi waɗanda za a biya wa tafiya.

A nuna yadda fannonin za su haɗu a zahiri. In aka ba masu ɗakin gwaji safe, likitoci rana, masana zamantakewa yamma, taruka uku aka yi a zaure ɗaya, kowa zai fita in nasa ya wuce. A gina kowane zama a kan matsala guda, a ce raunin tsoka a tsufa, mai nazarin ƙwayoyin jiki ya yi magana, likita ya biyo, mai ƙididdiga ya rufe, a bar rabin awa na muhawara. A ƙarshe a faɗi abin da zai saura bayan taro wanda za a iya dubawa: rahoton matsaya da za a aika wa mujalla, ko tsarin tattara samfuri na bai ɗaya tsakanin Shika da Kano.

Asusu da lokacin shigowar kuɗi

Nan ne tarukan da suka sami tallafi suke durƙushewa. Tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya ta asusun bai ɗaya na TSA suke bi, kuma fitar da su yana bin matakan sa hannu da dokar sayen kaya ta 2007. Kafin a aika takardar nema ko ɗaya, a zauna da ofishin ma'aji a sami amsa a rubuce: wane asusu tallafin waje zai shiga, da wane kuɗi za a ajiye shi, da farashin wace rana za a canza, ko jami'a tana cire wani kaso, mako nawa ake ɗauka daga buƙata zuwa biya. In ba a yi haka ba sai rijiya ta bayar guga ya hana, kuɗi yana asusu mai abinci yana tsaye a bakin zaure. Wata hanyar ita ce a shirya taron tare da ƙungiyar masana mai rajista, rajista da kuɗin kamfanoni su bi ta asusunta da masu sa hannu biyu ko uku. Asusun wani ɗan kwamiti na kansa kada a yi amfani da shi ko na kwana ɗaya.

Sai a zana jadawalin wata-wata: me za a biya, me zai shigo. Tikitin jirgi wata uku kafin taro ake saye, otal da mai abinci suna son kafin alƙalami, amma wasu masu tallafi sai bayan taro suke biya, ko su riƙe wani kaso sai an kai rahoto. Giɓin nan ana cike shi da rangwamen rajistar wuri, wadda za a rufe wata uku kafin taro, da kuɗin kamfanoni, da rancen da sashe ko tsangaya za ta bayar a rubuce. A kuma sa ranar yanke hukunci, wata huɗu kafin taro: in abin da ke hannu da wanda aka tabbatar a rubuce bai kai kashi 70 cikin 100 na tsayayyun kuɗaɗe ba, a rage kwana ɗaya, baƙin waje su yi jawabi ta intanet.

Ranar taro da hanyar zuwa

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana sa a soke tashin jirage a Kano da Kaduna. Maris da Afrilu zafi yana ƙara kuɗin dizal. Agusta ruwa ne. Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi sauƙi. A duba azumi da sallah biyu da lokacin aikin Hajji, da jarrabawa da bikin yaye ɗalibai, sannan in taron ya haɗa da Juma'a a tashi da ƙarfe goma sha biyu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, don haka a tanadi zaure na biyu a wajen harabar jami'a, a kuma tambayi masu tallafi tun farko ko suna yarda a ɗage.

Baƙon waje ta Abuja ko Kano zai shigo. Daga Kano kimanin kilomita 140 ne, daga Kaduna bai kai 80 ba, ga kuma jirgin ƙasa daga Abuja zuwa tashar Rigasa a Kaduna. A tsara duk tafiya da rana, a sa kwanan Abuja ko Kano a kasafi ga wanda jirginsa ya sauka da dare. Gwamnatocin Birtaniya da Amurka suna gargaɗin 'yan ƙasarsu game da jihar Kaduna, kuma jami'o'insu da yawa ba sa ba da izini ko inshorar tafiya sai sun ga tsarin tsaro a rubuce. A tambayi baƙo wannan a wasiƙar farko, kafin a sa sunansa a takardar nema. Tsarin biza ya koma na intanet a 2025, a aika wasiƙar gayyata wata uku kafin lokaci, a tuna masa da katin rigakafin shawara. Wanda zai yi jawabi daga nesa a karɓi jawabinsa a naɗe mako guda kafin taro, a bar tambaya da amsa kaɗai su zama kai tsaye, da layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban. Gabashin Amurka yana bayanmu da awa biyar ko shida, don haka bayan la'asar ne lokacinsu.

Bayan an watse

Mutum ɗaya a ba shi aikin rasit kaɗai tun ranar farko: kowane rasit a ɗauki hotonsa a ranar, a rubuta layin kasafin da ya shafa da mai tallafin da zai biya shi. Takardar shiga jirgi ta baƙi, da rajistar sa hannu ta kowace rana, da shaidar farashin canji daga banki, duk ana nemansu, kuma ba sa samuwa bayan mako biyu. Kuɗin da aka bayar don tafiyar ɗalibai ba a juya shi zuwa abinci sai da izinin mai shi a rubuce. In ya yi saura a sanar da shi, sau da yawa yakan yarda a kashe a kan buga rahoto. Rahoton kuɗi da na kimiyya su fita cikin kwana 30, ko da wa'adin da aka ba ku ya fi haka, a aika wa kowane kamfani kwafi mai shafi biyu da yawan mahalarta da hoton teburinsa. Rancen tsangaya shi ake fara biya da zarar kason ƙarshe ya shigo, sannan a miƙa wa sashen da ya karɓi baƙuncin taron fayil ɗin gaba ɗaya, da farashin da aka biya kowane mai kaya da lambar wanda aka yi magana da shi a kowace ƙungiya.